Wane fim ɗin kotu ne ya taɓa sa ka ɗaure mutum a zuciyarka, daga baya ka ji kunya?

Mai Dogon Nazari:
Salamu alaikum jama'a. Daren jiya na kalli wani fim ɗin shari'a, ko minti ashirin ba a yi ba na gama yanke wa wanda ake tuhuma hukunci. Hujjata? Ba ya iya haɗa ido da alƙali, kuma duk sanda aka ambaci sunan mamacin sai ya hau murza zoben yatsansa. Na ce wa ƙanena, wannan ko ba a kira shaida ba shi ne. Da aka kai ƙarshe, ashe bawan Allah tsoro ne kawai ya cika masa ciki. Ƙanena bai ce uffan ba, kallona kawai ya yi, wallahi gara a ce zagina ya yi. Wa ya taɓa faɗawa irin wannan tarkon? Ku ba mu labari.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Ni 12 Angry Men ne ya yi min haka. Da na ga baƙi da fari ne, na 1957, har na miƙa hannu zan kashe. Mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci a ɗaki ɗaya, ana zafi, fanka ta ƙi tashi, an ce su yanke ko wani saurayi ya kashe mahaifinsa. Ƙuri'ar farko 11 suka ce ya aikata, ɗaya ya ce a dakata a tattauna. Ni ina cikin 11 ɗin nan, har haushin mutumin nake ji, na ce wannan ɗan neman suna ne. To sai aka fara warware shaidun ɗaya bayan ɗaya. Wurin da ya kashe min jiki shi ne maganar matar da ta ce ta ga kisan ta taga: wani dattijo a cikinsu ya tuna shatin tabarau a gefen hancinta, aka ce to wa ke kwanciya barci da tabarau? Sai na tsinci kaina ina shafa nawa hancin. Wajen ƙarshe numfashina ya riƙa yin nauyi, na tashi na buɗe taga. Daga baya na ji cewa da gangan darakta Sidney Lumet ya riƙa canza gilashin kyamara yana kuma sauko da ita ƙasa, don bangon ɗakin ya yi kamar yana matsowa. Kuma har aka tashi ba a ce yaron bai yi kisan ba. Shakka kawai aka samu.

Ɗalibin Lauya:
Hajiya kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Abin da ya ba wa mutum ɗayan nan ƙarfi shi ne dokar cewa sai bakin masu taya alƙali yanke hukunci ya zo ɗaya. A Ingila tun 1967 ana iya karɓar hukuncin mutum 10 cikin 12, ke nan da can ne, da mutum ɗaya bai isa ya riƙe ɗakin haka ba. A Amurka kuwa a 2020 Kotun Ƙoli ta ce a manyan laifuka dole sai duka sun amince kafin a kama mutum da laifi, a kowace jiha.

Amma bari in ɓata muku daɗi kaɗan. Wuƙar nan da mutumin ya je ya sayo ya cake a kan tebur, a zahiri ba a yarda mai taya alƙali ya je ya yi binciken kansa ya shigo da hujja ba, hakan na iya rusa shari'ar gaba ɗaya. Ni finafinan nan ne suka ja ni karatun lauya. Ranar da aka fara tura mu kallon zaman kotu na shiga da zumuɗi, ina jiran lauya ya daka tsawa shaida ya fashe da kuka. Awa uku muna zaune, ana ta laluben wata takarda a cikin fayil, daga ƙarshe aka ɗage zaman. Shaidar bazata da ke banko ƙofa a minti na ƙarshe ma da wuya ka gan shi, don galibi sai an sanar da ɗaya ɓangaren waɗanda za a kira. A Amurkan da ake yawan shirya finafinan, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake kamawa da laifi amsawa suke yi bayan ciniki da mai gabatar da ƙara, ba a ma kai ga titsiye shaidu.

Sarkin Barci:
Lauya, kai dai ka bar mu da ƙaryarmu mai daɗi. Wa zai zauna kallon ɗage zama na awa biyu?

Baba Mai Ritaya:
Yarana, ni ba tsawar lauya ke kama ni ba. Akwai fim ɗin Iran na 2011, A Separation, wanda ya ci Oscar. Kotun ciki wani ɗan ofis ne, alƙali na zaune da tarin takardu, mutane na ta shige da fice. Mata ce mai ɗawainiya da wani tsoho, ta yi ɓari, ta ce mai gidan ne ya ture ta. Na ba ta gaskiya, na koma na ba shi, na sake komawa wajenta, har na daina yarda da kaina. Kowa a cikinsu ya ɓoye wani ɗan abu, kuma kowa da dalilin da in kai ne za ka iya ɓoyewa. Da aka zo sulhu za a biya kuɗi, mutumin ya ce ta rantse da Alƙur'ani cewa shi ne sanadi. Ta kasa, saboda tana da shakka, ga mijinta bashi ya yi masa katutu. Nan na tsayar da fim ɗin na yi shiru. Na taɓa tsayawa shaida a wata rigima shekaru da dama, na san yadda harshe ke nauyi idan aka ce rantse, alhali abin da ka gani rabi ne, rabin kuma zato.

Gimbiyar Dare:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganar rabi zato ɗin nan gaskiya ce. Na taɓa ganin haɗarin mota da idona, aka tambaye ni na ce jar mota ce, har ina cewa ko a gaban wa zan maimaita. Da aka nuna min hoto, ruwan toka ce. Tun daga ranar, in na ga lauya a fim ya titsiye shaida da tambayoyi, tausayin shaidar nake ji, don sau da yawa ba ƙarya yake yi ba. Masaniyar halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus da abokin aikinta sun gwada wannan a 1974: an nuna wa mutane bidiyon karon motoci, aka canza kalma ɗaya tak a cikin tambayar. Waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi sun kimanta gudun ya fi yawa, wasunsu ma daga baya suka ce sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi.

Abban Yara:
Mu namu har gida ya shigo. Ni da uwargida muka kalli Anatomy of a Fall, na Faransa, wanda ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 2023. Miji ya faɗo daga saman gida ya mutu, ana tuhumar matar, ga ɗansu da ba ya gani sosai shi ne babban shaida. Na fara mamakin kotun ma, don lauyoyi da wadda ake tuhuma kowa na tsoma baki, ba irin tsarin da muka saba gani a finafinan Amurka ba. Sai aka kunna faifan wani faɗa da suka yi, wanda mijin ya naɗa a ɓoye. Na ce shi ke nan, ta kashe shi. Uwargida ta juyo ta ce, "Abban yara, in aka naɗi faɗanmu mafi muni aka kunna wa baƙi, me za su ce a kanka?" Ban samu amsa ba. Kotu ta sallami matar, amma har yau ni ina zarginta, ita kuwa ta wanke ta tas.

Ɗan Autan Zaure:
Ku duk kun ɗaure marar laifi ne, ni mai laifi na saka. Primal Fear na 1996, fim ɗin farko na jarumi Edward Norton. Yaro mai in'ina, murya ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye. Har addu'a nake yi masa. Minti biyar na ƙarshe kuwa...

Uwar Biyu:
Kai Auta, rufe bakinka! Ban kalla ba tukuna.

Ɗan Autan Zaure:
Yi haƙuri Yaya, na yi shiru. Amma ai na riga na ce mai laifi na saka.

Mai Dogon Nazari:
Auta ka gama ɓata mata. Lauya, tambaya ɗaya kafin ka gudu: in kotu ta wanke mutum a Amurka, daga baya ya fito ya ce shi ya yi, za a iya sake gurfanar da shi?

Ɗalibin Lauya:
A kan wannan laifin dai, a gaban hukumar da ta riga ta gurfanar da shi, a'a. Gyara na biyar na kundin tsarin mulkinsu ya hana. Sai dai in ya yi ƙarya bayan rantsuwa a kama shi da wannan, ko dangin mamacin su kai ƙarar neman diyya. Sauran bayani sai na fito daga jarrabawa, gobe da safe nake da ita.