Shekara 58 da ciwon gwiwa: in fara zamiya a kan dusar ƙanƙara ko in haƙura?

Kawu na Oslo: Assalamu alaikum. Shekaruna 58, kuma likita ya umarce ni da motsa jiki saboda sukarina ya fara hawa, amma da zarar hunturu ya shigo sai santsi ya hana ni tafiyar ƙasa. Abokan aikina sun ce in gwada zamiyar da ake yi a daji da sanduna biyu, ba irin ta gangarowa daga kan dutse ba. Gwiwata ta dama tana damuna. Shin in sayi kayan ne ko in nemi aro tukuna, kuma ya wanda ya fara da girma ya ji a gwiwarsa?

Baban Yara, Ottawa: Wa'alaikumus salam, Kawu. Mu nan dajin Gatineau yana da hanyoyin zamiya fiye da kilomita 200, sai dai dole mutum ya biya kuɗin shiga. Ku kuwa a Nordmarka, dajin da ke arewacin Oslo, kyauta ne, saboda haka ku gode wa Allah.

Hajiya ta Grorud: Kawu, don Allah ka saurare ni. A wani shago aka sayar mini da allon zamiya (ski, wanda ake ɗaurawa a ƙafa) irin wanda ake shafa wa kakin zuma na musamman a ƙasa don ya riƙe dusar, babu wanda ya gaya mini cewa kowane sanyi da irin kakinsa. Na hau jirgin ƙasa mai lamba 5 zuwa Sognsvann ranar da dusar ta narke ta sake daskarewa. A wata 'yar gangara wani saurayi ya taho da gudu yana daka mini tsawa, na yi ƙoƙarin kauce masa, sai na faɗi a kan hannuna alhali igiyar sandar tana ɗaure a wuyan hannun. Ƙashin ya karye. Na daɗe da filasta, alwala ma sai 'yata ta zuba mini ruwa, kuma har yau ba na iya murɗa murfin kwalba. Saurayin nan ko waiwayowa bai yi ba.

Malamin Jinya: Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Amma ranar da kika zaɓa da kayan da aka ba ki su suka cuce ki. Kawu ya nemi allon zamiya mai gashi a ƙasa, wanda ba ya bukatar kakin riƙewa, ya tsaya cikin layuka biyun da mota ke tsagawa, a wuri mai shimfiɗa. Ƙafa ba ta dukan ƙasa kamar a gudu, shi ya sa gwiwa take samun sauƙi. Ya sa rigar ulu a jikin fata, domin auduga tana riƙe gumi ta sanyaya mutum. Ni na kashe wajen kurona 5,000, kuɗin Norway, a kan kayana.

Ɗan Damagaram: Malam, an tsawwala maka. Na sayi na hannu a Finn, shafin saye da sayarwa na intanet, har da takalma da sanduna, bai kai kurona 1,000 ba, kuma BUA, ƙungiyar aron kayan wasanni, suna ba da aro kyauta.

Hajiya ta Grorud: Malam, kai tun kana yaro aka kawo ka ƙasar nan, ba ka san tsoron wanda ya fara ganin ƙanƙara bayan ya aurar da 'ya'ya ba. Shawarar wanda ya faɗi ita ce abin dubawa.

Malamin Jinya: Hajiya, da girmamawa, masu karaya su nake jinya kowane hunturu, kuma da dama a bakin titi suka zame.

Baban Yara, Ottawa: Kawu, ka dai ajiye babbar riga a gida ranar, kada iska ta kai ka garin Lillehammer kafin masu tseren zamiya na Birkebeiner, wanda can yake ƙarewa, su gama kilomita 54 ɗinsu.

Ɗan Damagaram: Abin da Hajiya ta faɗa game da masu gudun nan gaskiya ne. Ga kuma masu yawo da karnuka suna tattake layukan da aka gyara, ƙafarka ta faɗa rami ba ka ankara ba. A Disamba rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe uku, don haka mai aiki ba shi da zaɓi sai hanyoyi masu fitila, kuma can ne kowa yake cunkushewa. Akwai wanda ya san inda ake kai ƙara a kan wannan?