Jama'a me za mu kira defragmentation da Hausa?

Malamin Dare: Salamu alaikum. Gobe bayan isha'i ina da aji a Tudun Wada, ɗalibaina yawanci iyaye mata ne da 'yan kasuwa, Turanci bai cika shiga ba. Darasin shi ne abin da za ka yi in manhajar defragmentation ta tsaya cak kamar ta mutu. Kalmar ce ta gagare ni wallahi, tun la'asar nake juya ta.

Ɗan Kawo: Wa alaikumus salam Malam, ka ce difirag kawai mana, haka masu gyara ke faɗa kuma kowa na ganewa.

Maman Ikram: Wa ke ganewa ƙanina? Ni dai ban gane ba sai da aka ce min kamar rumbu ne, ka zuba gero nan dawa can, in ka zo ɗiba sai ka yi ta laluben lungu. Fayil ɗaya ne yake gutsuttsurewa a wurare da yawa a kan faifan ajiyar kwamfutar, allurar da ke karanta shi ta yi ta safa da marwa, shi ya sa kwamfutar ke nauyi. Manhajar ita ke haɗa gutsattsarin wuri ɗaya, ni na ce kintsa rumbu.

Baban Unguwar Rimi: Kintsa ai jera kaya ne. Sunan manhajar Tattarau, kamar yadda ake cewa gagarau. Shekara da shekaru nake kiranta haka. Kuma don Allah a daina ce mana kwamfuta, na'ura mai ƙwaƙwalwa ce.

Ɗan Kawo: Baba ranka ya daɗe, manhaja da na'urar da ka faɗa ai Larabci ne, wato aron Larabci halak na Turanci haram?

Baban Unguwar Rimi: Matsalarku kenan 'yan Kaduna, Hausar bariki. Rabi Hausa rabi Turanci, ku je Zazzau ku ji magana.

Maman Ikram: To Baba a Zazzaun mota me suke ce mata? 😂

Injiniya Rigasa: Ku bar faɗan nan, Malam aji gare shi. Malam abin da ya fi kalmar muhimmanci shi ne sau da yawa ba mutuwa ta yi ba, babban fayil ta tarar tana ɗagawa, sai ka ga lambar da ke nuna ci gaban aikin ta tsaya awa guda ba motsi amma in ka duba ƙaramar fitilar faifan tana ƙiftawa to aiki take, a ƙyale ta. In kuma shiru ne, a duba ko rumbun ya cika, tun zamanin Windows XP ana son a bar mata kashi 15 cikin 100 fili don ta samu wurin juya kaya. A rufe sauran manhajoji musamman mai farautar bairos, a Windows 98 ma da wani abu ya taɓa faifan sai ta koma farko, mun sha wahalar nan. In duk an yi ta ƙi, a sa chkdsk, wato mai binciken faifai na Windows, ya duba ko faifan ya fara lalacewa, a kwashe kaya masu muhimmanci tukuna. Kuma a jona caji kafin a fara, kun san halin wutarmu. Mai SSD kuwa, wato sabon nau'in ma'ajin kwamfuta, kar ya wahalar da kansa, babu allura ciki balle ta yi yawo.

Malamin Dare: Allah ya saka Injiniya. To tsayawar fa, daskarewa ko maƙalewa?

Maman Ikram: Maƙalewa. Daskarewa sai ka ce ƙanƙara. In kuma tana aiki a ɓoye ka ce ta yi likimo.

Baban Unguwar Rimi: Likimon ya yi, wannan Hausa ce. Amma Tattarau fa?

Malamin Dare: Baba aikin zan ce kintsa rumbu, difirag zan rubuta a allo don in sun je wurin mai gyara su iya faɗa. Tattarau zan gwada musu in ga ko za ta zauna.

Baban Unguwar Rimi: Gwadawa kuma. To shi kenan, amma ka faɗa musu wanda ya ƙirƙiro ta.