Mu bar cewa "girin ti", mu ce koren shayi

Jama'ar Kano, ina so mu tsayar da suna ɗaya ga ganyen nan da ake ta kira "girin ti". Sunaye uku nake ji a bakin mutane: ɗanyen shayi, shayin Buzaye, da koren shayi.

Ɗanyen shayi bai yi ba, domin ganyen ya ga wuta. Itaciya ɗaya ce take ba da shi da baƙin shayin da mai shayi yake haɗa mana da madara. Shi dai koren da an tsinko shi ake hanzarin ba shi zafi don kada ya yi duhu: a Sin galibi a gasa shi a busasshen kasko, a Japan a turara shi. Baƙin kuwa barin sa ake yi ya sha iska har ya rine.

Shayin Buzaye sunan dahuwa ne: 'yar buta a kan gawayi, sukari da yawa, a yi ta ɗagawa daga kofi zuwa buta har kumfa ta tashi, a sha zagaye uku. Wannan a bar masa sunansa.

Ni koren shayi na zaɓa. Wasu za su ce tsanwa ta fi dacewa, amma kore ya fi saurin zuwa baki.

Abin da ya sa na damu shi ne aljihun mutane. Sunan Turancin nan yana sa a ɗauka magani ne, sai ka ga baiwar Allah ta sayi kwali mai tsada a kanti wai na rage tumbi, alhali ga ganyen a kasuwar Singa, 'yan ƙananan kwalaye daga Sin, da araha. Ka duba lamba a jiki: 41022 da 4011 siraran ganye ne, 3505 kuma dunƙule yake kamar ƙwayar gero.

In ba dahuwar Buzaye za ka yi ba, kada ka zuba masa ruwa yana tafasa, ɗaci zai yi. Sauke butar ta ɗan huce, ƙaramin cokali ɗaya a kofi, minti 2 zuwa 3, ka jefa na'ana'a in kana so. Kada ka zubar da ganyen, yana ɗaukar ruwa na biyu har na uku. Sauran busasshen ganyen kuma a gwangwani mai murfi, nesa da daddawa da yaji, don yana saurin ɗaukar wari.