Hoton taswirar fili ya ƙi hawa kan awonsa a AutoCAD

Ɗalibin Zane: Assalamu alaikum manya. Na shigo da hoton taswirar fili cikin AutoCAD, manhajar zane, da umarnin IMAGEATTACH don in ɗora zanen gida a kai. A takarda filin ƙafa 50 ne da 100, amma DIST, umarnin auna tsawo, wata lamba daban yake ba ni, kuma hoton a karkace yake, kusurwoyinsa ba su hau kan duwatsun safiyo ba. Da SCALE (sauya girma) zan fara ko da ROTATE (juyawa)?

Tsohon Safiyo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar su duka, ALIGN zai matsar, ya juya, ya daidaita girma a tashi ɗaya. Rubuta AL, zaɓi hoton, Enter. Danna kusurwa ɗaya a hoton, sannan dutsen da ya dace da ita a zane. Maimaita a kusurwa ta biyu. Idan ya nemi ta uku, Enter kawai. Zai tambaya ko ya sauya girman, ka zaɓi Yes. Nan mutane ke faɗuwa, domin No yake ɗauka idan ba ka zaɓa ba, mai gaggawa sai ya ga hoto ya miƙe amma awo na nan yadda yake.

Ka ɗauki kusurwoyi biyu mafiya nisa da juna, na dama a gaba da na hagu a baya. Idan suna kusa, ɗan kuskuren dannawa sai ya ninku kafin ya kai ƙarshen fili. OSNAP, mai kama maka kusurwar layi da kansa, ba ya kama layin da ke cikin hoto, don haka ka zuƙo sosai ka danna tsakiyar dutsen da ido, sannan ka kunna shi da F3 a ɓangaren zane.

Akitek: Gaskiyar Malam. Amma ɗan'uwa, duba ma'auninka tukuna. Ƙafa 50 mita 15.24 ce, ƙafa 100 kuwa 30.48. Safiyo da mita yake aiki, mu kuma da milimita, shi ya sa gida ke shigowa ya ninka fili sau 1000. Duba INSUNITS, saitin ma'aunin zane: 4 milimita ce, 6 mita. Kar ka taɓa zanen safiyo, gidan za ka rage da 0.001. Idan girma kaɗai ne matsalar, rubuta SC (wato SCALE), zaɓi hoton, danna tushe, rubuta R, danna ƙarshen layi biyu, ka shigar da tsawon gaskiya.

Ɗalibin Zane: Allah ya saka da alheri. Ya hau, sai dai faɗin 15.6 yake nunawa maimakon 15.24.

Tsohon Safiyo: To hoton ne ya miƙe ta gefe guda, sikana da fotokwafi kan yi haka. ALIGN da lamba ɗaya yake faɗaɗa ko'ina, ba zai gyara wannan ba. Mai da hoton ya kwanta daidai, ka mayar da shi BLOCK (dunƙule ɗaya), buɗe akwatin saitinsa da Ctrl+1, ka sauya girman X daban, na Y daban: ka raba awon gaskiya da wanda DIST ya ba ka a kowane gefe. Bayan nan sake ALIGN. Idan kuwa da waya aka ɗauka daga gefe, nemo takardar a sake sikanin ɗinta, ko ka zana iyakar daga lambobin duwatsun kai tsaye. Ka kula, Easting (lambar gabas) ne X, Northing (lambar arewa) ne Y. Ka juya su, fili zai fito a birkice. Idan filin mai kusurwa a miƙe ne, daga kusurwa zuwa kishiyarta DIST ya ba ka mita 34.08.