Ƴar tsanar fotirin mai kama da su Inna: ta yaya ake fitar da kamannin?

Maman Ikram, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum masu sana'ar hannu. Ina son ɗinka ƴan ƙananan siffofi na ratayewa da yadin fotirin, mai kaurin nan marar saƙa irin na hular dara, ɗaya mai kama da Inna, ɗaya Baba, ɗaya kakarmu, in ba su tsarabar sallah. Wane kauri zan saya, wane zare, kuma me ake cusawa ciki? Babbar matsalata fuska ce, duk wadda na zana sai ta fito kamar ta kowa.

Hajiyar Surfani:
Wa alaikumus salam ƴata. Ki bar wahalar da kanki a kan ido da hanci. A abu mai tsawon santimita 10 ko 12, ba su ke nuna mutum ba. Abin da ake hango mutum da shi daga bakin zaure shi za ki ɗinka: yadda Inna ke ɗaura kallabinta, hular Baba da furfurar gemunsa, tabarau, carbi a hannu, wushirya in akwai. Abu biyu ko uku sun isa kowane mutum. In kakar taku Bagobira ce mai tsage, layuka uku ko huɗu da sili ɗaya na zare daga gefen baki zuwa wajen kunne sun fi kowane zane fitar da ita. Kada ki ce sai kin cika adadin tsagen, fuskar za ta cushe.

Ki sa kai ya ci kashi ɗaya cikin uku na tsawon duka. Ido kuma a daidai rabin tsawon kai yake zama, ba sama kusa da goshi ba. Yawancin masu koyo nan suke kuskure, sai fuskar ta yi tsawo kamar ta doki. Ki gama duk aikin fuska a kan ɓangaren gaba tun yana shimfiɗe, kafin ki haɗa shi da baya, don ƙulle-ƙullen zare su ɓuya ciki.

Zaren surfani mai sili shida za ki nema. Ki raba shi: sili ɗaya na ido da gira da tsage, sili biyu na baki da haɗa gefe. Tsawon zare a allura kada ya wuce kamu ɗaya, in ya fi haka sarƙewa zai yi ta yi.

In a gidanku ana ƙyamar siffa mai cikakkiyar fuska, ki bar fuskar fili babu ido babu baki. Kallabin da zanen kaɗai za su sa a ce "ai wannan Inna ce".

Tela Ɗan Gulbi:
Hajiya ta gama magana kan kamanni, bari in ƙara kan yanka da ɗinki. Jiki da kai, fotirin mai kaurin milimita 2. Ƙananan abubuwa kamar gemu, hula da hannu, mai milimita 1. Ki ɗaga shi wajen haske kafin ki biya a babbar kasuwa, in kina ganin rana ta cikinsa, zai yage a wurin ɗinki da zarar kin cusa. Tsohuwar dara da aka daina sawa ma tana yi, in jan launi kike so.

Ki fara yanka samfuri da kwali. Ki zana a kan yadin da allin tela ko busasshen guntun sabulu. Biro yana nasowa, kuma ba ya fita. Ki haɗa gaba da baya da fil ki yanka su tare, in kin yanka daban-daban ba za su taɓa daidaita ba. Almakashi ƙarami mai kaifi, wanda ba a yanka takarda da shi.

Wajen haɗawa, ki soka allura milimita 3 daga baki, tazarar milimita 3 tsakanin kowane ɗinki, kina zura allurar cikin madaukin zaren kafin ki ja, yadda zaren zai kwanta a bakin kamar na bargo. Kada ki ja da ƙarfi, gefen zai tattare. Igiyar ratayewa, santimita 14 a ninka biyu, ki cusa bakinta santimita 1 tsakanin yadin biyu a tsakar kai, ki bi ta kanta sau uku. In ta kauce gefe ko kaɗan, abin zai rataya a karkace.

Ki bar ƙofa santimita 3 a ƙasa don cusawa.

Yaya Rabi, Sabon Gari:
Kan cusawa: audugar gona tana dunƙulewa ta yi gudaji, audugar rimi kuma santsi gare ta, tana leƙowa ta tsakanin ɗinki. Farar audugar roba ta cikin matashin kai ta fi. Ki tsattsage ta ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ki tura da gindin fensir, kai da wuya tukuna. Wuya ya cika sosai, in ba haka ba kan zai langaɓe. Sauran jiki sama-sama, kaurin yatsa ɗaya.

Ki roƙi ƙyallen atamfar da Inna ta fi sawa ki yi mata zane da kallabi da shi. Sai dai atamfa da shadda suna zarewa a baki, ba kamar fotirin ba, don haka ki kalmashe milimita 4 ki ɗinke. Ki zaɓi wurin da furen yake ƙanana. Gam kuma ki rage shi, yana hudowa ya bushe ya yi tauri har allura ta ƙi shiga.

Maman Ikram:
Allah ya saka da alheri. In ya yi datti fa, da wannan ƙurar hunturu tamu? Kuma zan iya sa duwatsun ado a matsayin ido?

Yaya Rabi:
Ki kaɗe da busasshen buroshin haƙori mai laushi. In wanki ya zama dole, ruwan sanyi da ɗan sabulu, ki danna cikin tawul, ki shanya a inuwa. Ruwan zafi yana tsuke fotirin na ulu, dutsen guga kuma yana narkar da na roba. Duwatsun ado suna da kyau in a bango za a rataya, amma in jikoki ƙanana za su kai hannu, ki yi idon da ƙullin zare: nadi biyu a kan allura, ki mayar da ita dab da inda ta fito.