Neman kalma: me za mu kira ƙidayar da ake auna mai binciken ƙwayoyin cuta da ita?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. An ba ni aikin mayar da taƙaitaccen tarihin wata masaniyar ƙwayoyin cuta zuwa Hausa, wadda ta daɗe tana bincike a kan tarin fuka da yadda ƙwayar cutar ke bijire wa magani. Karatunta da jerin rubuce-rubucenta ba su ba ni wahala ba, domin maƙala da mujalla kalmomi ne da suka riga suka zauna a bakin masu ilimi. Inda na cije shi ne sakin layi na ƙarshe, wanda ya kawo lambobi uku da Turanci ya kira "citations" da "h-index" da "impact factor". A daftarin farko na haɗa su duka na ce tasiri, sai jimlar ta koma tana cewa tasirin matar dubu kaza ne, kunnena kuwa ya ƙi karɓar wannan magana. Ina neman shawararka kafin in miƙa aikin.

Malam: Wa alaikumus salam, 'yata. Kunnenki ya fi daftarinki gaskiya. Kafin mu nemi suna, mu fara sanin abin da ake ƙirgawa. Duk maƙalar da aka buga tana ƙarewa da jerin ayyukan da marubucinta ya duba, abin da muke kira manazarta. Idan aka juya jerin, aka tsaya a gefen wanda aka duba aikinsa, aka tambaya maƙalu nawa ne suka sa shi a manazartarsu, amsar ita ce lambar farko da ta tsayar da ke. Eugene Garfield ne ya kawo wannan dabara cikin kimiyya a wata maƙala da ya buga a mujallar Science a 1955, kundinsa na farko da ya game fannonin kimiyya kuma ya fito a 1964. Niyyarsa ta farko ita ce a taimaki mai bincike ya bi sawun wani tunani ya ga inda ya kai, daga baya ne jami'o'i suka mayar da kundin sikelin auna mutane. Saboda haka igiya ɗaya ce mai baki biyu: daga ɓangaren mai rubutu sunanta manazarta, daga ɓangaren wanda aka rubuta sunansa ne ba mu da kalma tsayayya. Ni dai ambato nake cewa, lambar kuma yawan ambato.

Mai fassara: Na yi tunanin ambato, Malam, amma na ja baya, saboda a kunnena kalmar tana ɗauke da ƙamshin yabo, kamar a ce an ambaci mutum da alheri. Shi ya sa na karkata ga madogara, ko kuma in ce an kafa hujja da aikinta sau kaza. Har isnadi ya faɗo mini a rai, tunda shi ma jingina magana ne ga wanda aka same ta a wurinsa.

Malam: To, a nan gizo ke saƙar, kuma tsoron naki ya fi kama kalmomin da kika zaɓa fiye da wadda kika bari. Wanda ya kafa hujja da magana ya yarda da ita, wanda ya mayar da ita madogara ya jingina nauyinsa a kanta, isnadi kuwa gaba ɗayansa a kan amincin masu ruwaya ya tsaya. Na'urar da ke ƙidayar nan ba ta san yarda ba, ba ta san suka ba, suna kawai take gani a jeri ta ƙara ɗaya.

Ga misalin da ya sa na ƙi waɗannan kalmomi. A 1998 mujallar The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da abokan aikinsa, wadda ta dogara da yara 12 kacal ta jefa shakku a kan rigakafin ƙyanda da hangum da ƙyandar Jamus, tana alaƙanta shi da lalurar otizim, wadda ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa da mutane. Bincike mai yawa ya biyo baya bai sami wannan alaƙa ba, mujallar ta janye maƙalar a 2010, a shekarar ce kuma aka soke sunan Wakefield daga rajistar likitocin Birtaniya. Duk da haka sunan maƙalar ya fito a manazartar wasu maƙalu sama da dubu, mafi yawansu kuwa sun kawo ta ne domin su ƙaryata ta. Idan kika rubuta cewa an kafa hujja da ita sau dubu, kin yi wa masu karatu ƙarya ba tare da kin yi niyya ba. Idan kika ce an ambace ta sau dubu, kin faɗi daidai abin da ya faru.

Game da ƙamshin yabo, ki lura cewa sai da kika ƙara "da alheri" kafin yabon ya fito. Muna cewa an ambaci sunan wane cikin waɗanda ake zargi, ba wanda zai ji wannan ya ɗauka kirari ake yi masa. Kalmar fanko ce, abin da aka zuba a ciki shi take ɗauka, irinta kuma muke buƙata. Naƙaltowa da ruwaitowa ma na duba su na ajiye, domin su suna nufin an ɗauko lafazin mutum, alhali sau da yawa marubuci lamba kawai yake sawa a ƙarshen jimla ya wuce.

Mai fassara: Na sallama a kan ambato. Wanda ya sa tsofaffin maƙalunsa a manazartar sababbi domin lambarsa ta hau, sai mu ce ya yi ambaton kai ke nan. Saura ta biyu, mai harafin h.

Malam: Ambaton kai ya zauna daram. Ta biyun kuwa Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro ta a 2005, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego. Lissafinta mai sauƙi ne. A ce mai bincike yana da maƙalu 40, sai a jera su daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. Idan 18 daga ciki an ambaci kowacce aƙalla sau 18, amma ba a samu 19 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 19 ba, lambarsa 18 ce. Ina ganin mu ce ma'aunin h, mu bar harafin yadda yake kamar yadda ake barin alamomin lissafi, sannan a karon farko da ya fito a rubutu a bi shi da jimla ɗaya ta bayani. Duk sunan da za mu ƙirƙira masa, irin su ma'aunin ƙwazo ko ma'aunin ɗorewa, zai ɗora masa hukuncin da bai cancanta ba. Wanda ya buga maƙalu uku kacal ba zai wuce 3 ba ko da ukun nan sun sauya yadda ake jinya a duniya, lambar kuma tana taruwa ne da shekaru, don haka galibi tsohon hannu ne a gaba.

Akwai wani abu da ya shafi fanninta musamman. A maƙalun ɗakin gwaji, galibi marubucin farko shi ne ya yi aikin da hannunsa, na ƙarshe kuma shi ne shugaban ɗakin, amma manyan ayyukan bin diddigin ƙwayoyin halittar cuta sukan ɗauki sunaye ɗaruruwa, kowane suna kuma yana samun ambaton cikakke kamar shi kaɗai ya rubuta. Sannan ki faɗi rumbun da aka ɗauko lambar, domin Google Scholar yakan ba da adadi sama da na Scopus ko Web of Science, tunda yana haɗawa da kundayen digiri da rubuce-rubucen da masana ba su tantance ba tukuna.

Mai fassara: Ta ukun fa, wato "impact factor", ranka ya daɗe? Tunda ita ta mujalla ce ba ta mutum ba, na so in ce kwarjinin mujalla, domin abin da mutane ke ji ke nan idan aka ce wance ta buga a babbar mujalla.

Malam: Kalmar ta yi daɗi, har na yi murmushi, kuma ta bayyana abin da masu ɗaukar aiki ke ji a ransu. Sai dai kwarjini ba a lissafa shi da lamba, wannan kuwa lissafin rabawa ne zalla. Domin fitar da ta shekarar 2023, ana ƙirga ambaton da aka yi a 2023 ga abin da mujallar ta buga a 2021 da 2022, a raba da yawan maƙalun waɗannan shekaru biyu. Sunanta na gaskiya matsakaicin ambaton mujalla. Ya ɗan yi tsawo, amma duk wanda ya ji matsakaici ya san wasu na sama wasu na ƙasa, kuma haka abin yake, domin 'yan maƙalu kaɗan ne ke jawo mafi yawan ambaton kowace mujalla. Annobar korona ta nuna wannan ƙarara: lambar The Lancet ta 2021 ta haura 200 saboda maƙalun farko-farko a kan cutar da kowa ke ambata, ba don sauran maƙalunta sun ninka inganci cikin shekara ɗaya ba. Tun a 2012 wasu masana da editoci da suka haɗu a San Faransisko suka tsara sanarwar da ke kira a daina auna mai bincike da lambar mujallar da ya buga a ciki.

Mai fassara: Ke nan tasiri ba shi da gurbi a fassarar?

Malam: Yana da gurbi, kuma don in tsare masa shi ne na hana ki ba wa lambobi sunansa. Alexander Fleming ya buga bayanin penisilin a 1929, maƙalar ta yi kusan shekara goma ba a kula ta sosai ba, sai da Howard Florey da Ernst Chain suka ɗauko aikin a Okisfod suka buga sakamakonsu a 1940. Mai ƙirga ambato a 1935 da ya ce aikin bai kai ko'ina ba. A ɗaya gefen, maƙalar da aka fi ambata a tarihin kimiyya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, a kan hanyar auna furotin, wadda ta wuce ambato 300,000 saboda duk wanda ya yi amfani da hanyar sai ya sa ta a manazarta. Barry Marshall da Robin Warren kuwa, da suka buga a 1984 cewa bakteriya ce ke tattare da yawancin gyambon ciki, tasirinsu shi ne likitoci sun koma warkar da gyambon da maganin kashe ƙwayoyin cuta, abin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2005. A fannin matar da kike fassara tarihinta, irin wannan shi ne amincewar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2010 da gwajin Xpert, wanda ke gano tarin fuka da bijirewarsa ga maganin rifamfisin cikin kamar awa biyu, maimakon makonnin da ake jira ƙwayar ta tsiro a ɗakin gwaji. Idan tarihin ya nuna aikinta ya shiga ƙa'idojin jinya ko ya sauya hanyar gwaji, nan ne za ki rubuta tasiri da zuciya ɗaya.

Mai fassara: Na gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Ga yadda sakin layin ya koma: ta buga maƙalu kaza a mujallun da masana ke tantancewa, an ambace su sau kaza bisa ƙidayar Scopus, ma'aunin h nata kuma kaza ne, wato tana da maƙalu kaza da aka ambaci kowacce aƙalla sau kaza. Matsakaicin ambaton mujallun na mayar da shi jikin sunan kowace mujalla a jerin maƙalu, tunda nasu ne ba nata ba.

Malam: Ya yi, 'yata. Ki ƙara watan da shekarar da aka ɗauko ƙidayar, domin kafin a buga fassarar lambar za ta motsa.