Zuwa bakin teku da yara a watan Agusta, ku ba ni shawara

Maman Ummi, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Maigidana yana sayar da albasar Aliero a kasuwar Mile 12 da ke Legas, shekara 6 ke nan. Sau ɗaya na taɓa zuwa Legas, lokacin ma ina da tsohon ciki, ko ƙofar gida ban leƙa ba. Bana ya yi wa yara alkawarin in sun ci jarrabawa zai kai su bakin tekun Tarkwa Bay, can da sai an shiga jirgin ruwa. Babbar ta zo ta biyu a aji. Na ɗinka musu kaya, na sayar da tunkiyata na haɗa kuɗin mota. Yanzu Inna, mahaifiyarsa, ta ce ba mai kai mata jikoki ruwa ana tsakiyar damina. Tun shekaranjiya da ka take amsa gaisuwata. Wai Agustan can irin namu ne?

Alhaji na Agege: Wa alaikumus salam. Shekara 19 na yi a garin nan, ki saurare ni. Mu a Arewa Agusta ne marka. Su a Legas ruwansu ya fi ƙarfi a Yuni, ya ɗan tsagaita daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Amma ɗaukewar ruwan sama daban, kwanciyar teku daban. Lokacin ne iska ke kaɗowa daga teku, gari a lumshe, ruwan da sanyi, igiya tana hauka. A Agustan 2012 teku ya yi ambaliya a Kuramo ya kwashe mutane. Ki bari sai Disamba.

Ɗan Yauri: Ni jirgin ne damuwata. Ba mu manta da hatsarin jirgin Warrah a 2021 ba. In babu rigar kariya daidai jikin yaro, kada ƙafarsa ta taka jirgi.

Hajiya Babba: Ke dai kin ji daɗi ana miki alkawari. Ni shekara uku ana ce min za a kai ni kamun kifin Argungu, ga shi nan kusa, amarya aka ɗauka.

Anti Malama: Alhaji kana tsorata ta. Tarkwa Bay tana cikin lungu, an jera duwatsu sun tare mata igiya, ba kamar bakin Lekki ba. Disamba kuma cunkoso, kuɗin mota ya tashi. Yaran shekarunsu nawa? Sun iya ruwa?

Alhaji na Agege: Malama, a wurin nan samari ke hawan igiya da allo. Kin taɓa tsayawa ruwa iya ƙauri, kin ji yashi yana zarewa daga ƙarƙashin tafin ƙafarki? Ja yake yi ciki. Wanda ya iya iyo a kogin Matan Fada ma ɗan koyo ne a can.

Maman Ummi: Ai ba wanka za su yi ba, kallo ne da hoto. Disamba bikin ƙanwata ne, hutun kuma gajere. Tunkiya dai ta tafi.

Ɗan Yauri: Yaro ya ga ruwa ya tsaya kallo?

Maman Ummi: Nawa suna jin magana. Abin da nake nema yadda zan shawo kan Inna.

Hajiya Babba: Ɗanta ya kira ta mana. Ke ina ruwanki da shiga tsakani.

Maman Ummi: Ya ce ni da ita mu daidaita, shi yana kasuwa.